Furen da Ya Toshe Indararo

Zauna ka ji wani misali, tunda ka ce gyaran ɗakin tsohuwarka zai jira sai ka gama ƙawata ƙofar gida. Ni labarin nan duk sanda na tuna shi sai raina ya ɓaci.

Wani mutum ne ya je birni, ya ga fulawar nan mai yaɗo, mai ƙaya da jan fure, ta lulluɓe katangar wani gida, ya ce shi ma sai ya yi irinta. Ya sayo dashe a wurin mai lambu. Mai lambun bai ɓoye masa komai ba: a dasa ta nesa da ginin ƙasa, a kafa mata rumfar da za ta hau, in ta kama a rage mata ruwa, a kuma datse ta kafin damina. Gogan naka ya yi kunnen uwar shegu. Shi so yake masu wucewa su gani, bangon da ke kallon hanya kuwa na ɗakin mahaifiyarsa ne, tsohon soro na ƙasa. A nan gindinsa ya haƙa rami. Safe da yamma yana tuttula ruwa, gindin bango yana jiƙa, shuka ta sami banza sai ganye take zubawa. Ta kama bango ta haye, ta baje a kan soro, busasshen ganyenta yana taruwa a bakin indararo, inda ruwan sama ke bi ya sauka. Da rani ya tsananta, rijiya ta ja baya, ban ruwa ya ragu, sai ga fure ja wur ya rufe bangon. Masu wucewa suna tsayawa, har da masu ɗaukar hoto. Kai ya kumbura. Kullum da la'asar yana kan tabarma a gindinta yana amsa gaisuwa, sai ka ce shi ya halicci furen.

To, daidai lokacin nan ne ake yaɓe, duk mai ginin ƙasa ya san haka. Tsohuwa ta kira shi ta ce, "Ɗan nan, ɗakina yana warin danshi. A hau a yi yaɓe kafin ruwa ya sauka." Yaɓe kuwa ba zai yiwu ba sai an sare abin da ya hau soron. Ya ce, "Inna, a bari furen ya zube tukuna." Ka ji fa. Matar da ta goya shi tana roƙon laka a kan ɗakinta, shi yana tausayin fure. Furen ya zube ɗin, ya ƙara cushe indararo, shi kuma ya shiga hidimar gona, yau da gobe har damina ta kankama. Da marka ta zo, ruwa ya rasa hanya, ya kwanta a kan soro, ƙasa ta sha ta ƙoshi, azara ta gaji. Wata rana da hantsi tsohuwa na zaune tana tsinar wake, rufin ya rufto mata. Maƙwabta suka tono ta da rai, amma ƙugu ya karye, ba ta ƙara taka ƙasa da ƙafarta ba. Shi kuwa sai ya zari adda ya hau saran fulawar yana zaginta, kamar ita ta dasa kanta. Wannan ya fi komai ƙona min rai. Shuka ba ta da laifi, hawa halinta ne, in ba ka kafa mata rumfa ba za ta hau abin da ta samu. Aikin wuni guda ya ƙi yi, ga shi yanzu ba fure, ba ɗaki, kullum shi ke cicciɓar uwarsa ya kai ta inuwa, ba ya iya haɗa ido da ita.

Tashi ka nemi magini tun sama ba ta haɗa hadari ba. Hausawa ba su yi ƙarya ba da suka ce, garin neman gira an rasa ido.