Baje Kolin Bana

Tun da aka kafa dokar, duk abin da masu fasaha suka baje a gidan tarihi, washegari ya haramta a gari. Bara turmi ne, shi ya sa unguwarmu ta yi tsit.

Yau muka je buɗe na bana, ni da yayata Uwani, ɗana yana barci a bayana.

Shugaban gidan ya yaye farin ƙyalle, aka yi tafi. Mutum-mutumin mace ne na ƙarfe, da majanyi a ɗaure, amma bayanta ba kowa.

"Yaya, majanyin suke nufi ko goyon?"

Uwani ta yafa mini gyalenta har ƙugu.

"Tabawa, bi ta ƙofar baya. Kada ki bari ya yi kuka."