Ƙadangare a Gindin Allo

Da injiniya ya fita aiki da safe, jakar kayan aikinsa tana nan a bayan ƙofa. Matarsa ta gani, ta ce tsufa ne ya fara taɓa shi, ta tura jakar ƙarƙashin gado.

Da ƙyar ya yarda ya zo da ita. Duk wata sai ya zo wannan ƙaramin gari duba injinan ruwa, kuma duk wata sai ya ce mata babu abin gani a can sai zafi da ƙudaje. Wannan karon ta kafe, har ta ƙi cin abinci, shi ne ya sakko. Sharaɗinsa ɗaya: ta zauna a masauki, ta sha maganinta. Likita ya riga ya faɗa masa cewa zuciyarta ba za ta ɗauki wani tashin hankali ba.

Ita kuwa ba yawon buɗe ido ya kawo ta ba. Ɗanta take nema, ɗan da babu wani bayansa. Shekara huɗu ke nan da uban ya ce masa fenti ba sana'a ba ce, ko ya koma makaranta ko ya bar masa gida. Yaron ya kwashi buroshinsa ya fita. Da farko uban ya fi kowa neman sa, har asibitoci ya bi. Daga baya ya daina. Idan ta ɗauko zancen, sai ya ce, “Ki yi masa addu'a kawai.” Wannan sanyin nasa yana ci mata rai, kuma ba ta yafe masa ba.

Tana jin ƙarar motarsa ta yi nisa, ta yafa mayafi ta fito.

Garin ya gaji. Tashar jirgin ƙasa ciyawa ta cinye, kwatoci sun toshe, rabin shagunan babban titi a garƙame. Mutane suna kallon ta irin kallon da ake yi wa baƙon da ya ɓata hanya. Ta daina duba fuskoki, ta koma karanta allunan shaguna don kada ta manta hanyar komawa.

A ƙofar wani shagon aski ƙafarta ta tsaya. Haruffan allon sun karkata baya, rubutun bahago. A gindinsa, can kusurwa, ga wani ɗan ƙadangare da bai fi yatsa ba, kansa ja, jelarsa a gutsure. Tun ɗanta yana ƙarami haka yake sa hannu a duk abin da ya zana, har bangon ɗakin girkinta bai tsira ba.

Ta dafa bango har numfashinta ya daidaita, sannan ta leƙa ciki.

“Ɗana, wa ya rubuta maka allon nan?”

Mai aski bai ɗago daga kan da yake yi wa aski ba. “Wani dogo ne, Mama. An kwana biyu. Ki tambayi mai nama, maƙwabcinsa ne.”

Daga nan garin ya buɗe mata. Ga ƙadangare a allon mai faci, ga shi a na mai maganin gargajiya, ga shi a bangon wata makarantar yara yana leƙe daga bayan harafi. Ashe a nan yake cin abincinsa, da sana'ar da aka ce ba sana'a ba ce! Ta riƙa dariya ita kaɗai a titi, hawaye na zuba. Fentin duk ya koɗe, wani ma ya fara ɓarewa, amma ta ce ranar garin nan ce ba ta da imani.

Da ta tambayi mai nama inda mai fenti yake, sai ya dubi fuskarta, ya dubi wuƙarsa, ya goge ta a jikin riga duk da ba ta da datti. Ya nuna mata wani lungu da haɓa. “Gida na ƙarshe, mai koren ƙyaure. Ki nemi tsohuwar gidan.”

Tana tafiya tana shirya yadda za ta yi. Ba za ta yi wa yaron faɗa ba, ko kalma ɗaya. Za ta kama hannunsa ta kai shi masauki, ta zaunar da shi a bakin gado. Idan uban ya dawo da yamma, sai ta ga inda zai sa idonsa, mutumin da ke zuwa garin nan duk wata amma bai taɓa ɗaga kai ya karanta allo ba.

A tsakar gidan akwai gwangwanayen fenti jere a gindin bango, sun bushe ƙamas. Wata tsohuwa tana zaune tana tsince shinkafa a faranti.

“Sannu, Iya. Mai fenti nake nema.”

Tsohuwar ta ajiye farantin. “Wayyo, ke baƙuwa ce. In aiki kika kawo, kin makara, 'yata. Damina biyu ke nan da zazzaɓi ya ɗauke shi.” Ta nuna wani ɗaki mai labule. “Sai dai ki shiga ki yi wa bawan Allahn da ke ciki gaisuwa. Shi ya yi jinyarsa, shi ya sa shi a kabari da hannunsa. Duk wata sai ya zo ya wuni a ɗakin, ba ya ci, ba ya sha. Ya ce uwar ba za ta iya ji ba.”

Ta ɗaga labulen. Mijinta ne zaune a kan tabarma, ya kifa fuskarsa cikin wata riga mai ɗigon fenti.