Dubiya Ta Tagar Mota

Aikinsa shi ne duba wuraren jiran bas: rumfa, benci da fitila. Ma'aikata ta ba shi mota da direba don ya zaga. Sai dai yallaɓai mutum ne mai ji da takalminsa, ba ya son ƙura ta taɓa shi. In ya iso rumfar da wani mai jarida yake kasa kayansa, gilashi kawai yake saukewa rabi.

"Mai jarida, lafiya dai ko?"

"Lafiya lau, yallaɓai."

Shi ke nan, an gama duba. Mai jarida kuwa gaisuwa ya ɗauka ana yi masa, kuma wa yake amsa gaisuwa da ƙorafi? Alhali shi da kansa ya ɗaure ƙafar rumfar da waya, don tsatsa ta cinye gindinta. Daga cikin mota ba a ganin wannan, fenti ake gani.

Fasinjoji sun daɗe da ganewa. Wasu sun koma jira can gefen titi cikin rana, wasu sun bar bas ɗin gaba ɗaya sun koma hawa babur.

A wannan rumfar mahaifiyar yallaɓai take jiran bas duk ranar da za ta je asibiti awon jini. Ta taɓa yi masa maganar.

"Ɗan nan, rumfar can in iska ta taso kuka take yi."

"Haba Inna, kwano ne kawai. Ni nake duba ta da kaina."

Ta yarda, har tana alfahari da shi.

Ranar da hadari ya taso, Inna na zaune a rumfar. Mai jarida ya tattara kayansa a guje.

"Baba, ki taso mu fake a shago!"

"Je ka kai dai. Ɗana ne mai kula da ita, ya ce lafiyarta ƙalau."

Bai kai ƙofar shagon ba ya ji ƙara. Rumfar ta kife a kanta. Da ƙyar mutane suka ɗaga ƙarfen suka jawo ta.

Likita bai ɓoye wa yallaɓai komai ba: ƙashin bayanta ya karye, ba za ta sake takawa ba. Inna kuwa tambayarta ɗaya, ko akwai wani da abin ya rutsa da shi. Wannan ya fi faɗa yi masa ciwo.

Washegari ya koma wurin, ya sauka daga mota, ya tsuguna cikin taɓo. Da ya taɓa gindin ƙarfen, sai ya marmashe a hannunsa kamar busasshen burodi.

Jama'a, duk wanda aka ɗora wa kula da kayan al'umma ya sauka ya duba da idonsa, ya taɓa da hannunsa. Mu ma da muke tsayawa a wurin, in mun ga ɓarna mu faɗa tun kafin ta faɗo kan wani.