Kukan Tarakta a Gindin Tsamiya

Tunda ka ce za ka saya wa taraktarka mai kuma ba ka ga abin tambaya a ciki ba, zauna ka ji abin da ya sami wani manomi. Ƙaramar tarakta ya samu, ya ƙudurta huɗe gonar gadonsa da ita kafin ruwan shuka ya wuce, don abincin gidansa na shekara duk a gonar nan yake. Irin wannan tarakta kuwa cikinta ɗaya ne. Man da ke ratsa haƙoran giya shi ne ke ɗaga garma ya sauke ta, a cikinsa kuma birki yake jiƙe, shi ya sa aka yi mata nata na musamman, marar kauri, mai iya ayyukan nan duka. Shi kuwa mutumin ɗan mai ƙuli-ƙuli ne, a gindin tuƙin man gyaɗa ya tashi, yana taƙama da cewa babu man da zai murza a yatsunsa bai faɗi asalinsa ba. Ya shiga kasuwa yana bin durorin masu mai, ya tsoma yatsa, ya ɗaga wa rana, ya shinshina, sai ka ce na miya zai saya. Da aka nuna masa nata, ya yatsina fuska ya ce wannan ai ruwa ne. Ya zaɓi mai kauri irin na giyar manyan motoci, daga wani duron da ruwan farko ya tarar a buɗe, don a saninsa kauri shi ne ƙarfi. Da ya zuba bai cika ba, ya ƙarasa da ragowar baƙin mai da ke jarka a zaure. Launi dai ɗaya, santsi ɗaya, hankalinsa kwance.

A tsakiyar gonar akwai wata tsohuwar tsamiya wadda mahaifinsa bai taɓa kai fartanya gindinta ba, bai kuma taɓa faɗin dalili ba. Da safe tarakta ta yi aiki, sai dai garmar tana nawa. Rana ta take, gona ta yi tsit, ko tsuntsu ba ya motsi, lokacin nan huɗa ta kawo shi bakin inuwar tsamiyar. Sai ya ji kuka daga ƙarƙashin kujerarsa, siriri, mai ja, kamar na tsohuwar da aka toshe wa baki. Ya taka birki, birkin ya yi gurnani, motar ta kama karkarwa. Ya janye hannunsa daga libar da ake ɗaga garma da ita, amma garma ta ɗaga da kanta, ta yi rawa a sama, ta tsaya. Ya kashe injin ya diro, yana tsaye yana kallo garmar nan ta riƙa sunkuyowa a hankali, babu mai taɓa ta, har ta kafa baki a ƙasa tana fuskantar bishiyar. Ya yi ta maza ya zaro ƙarfen awon mai, sai ya ga man da ya zuba ya koma fari, yana kumfa kamar kindirmo. Nan tsoro ya kama shi na gaske, ya bar takalmi ɗaya a kunya ya nufi gari. Ko sau ɗaya zuciyarsa ba ta je kan duron kasuwa ba, don ɗan Adam ya fi saurin zargin aljani a kan ya zargi gwanintarsa.

Maƙwabta suna ta shuka, geronsu har ya tsiro, shi yana yawon neman tsari. Aka ba shi turare ya yi mata hayaƙi, aka ba shi rubutu ya yayyafa, kukan sai ƙaruwa yake yi. Daga ƙarshe wani ya ba shi laya, ya ce a ɗaura ta daga ƙasa a jikin ƙarfen da ke motsi da kansa, kuma a daidai lokacin da abin ke tashi. Ya koma da tsakar rana, ya tayar da ita, ya ɗaga garma da ƙyar, ya kwanta ya shige ƙarƙashinta da layarsa. Bai ji komai ba sai wani ɗan huci, kamar an sauke numfashi kusa da kunnensa. Garma ta sauko masa a cinya. Wani makiyayi ne ya tsinci muryarsa can wajen la'asar.

Da bakanike ya kwance ya tsiyaye man, sai ga ruwa a ciki da garin ƙarfe yana walƙiya. Famfon da ke tura mai ne ya cinye kansa, don kaurin ya ƙi ratsa shi, kumfa ta sa yana shaƙar iska, abin da ke kukan ke nan, robobin da ke riƙe garma a sama kuma sun saki. An gaya wa manomin yana kwance a gidan maɗori, abin tausayi. Shekarar nan gonar ba ta ga iri ba, ciyawa ta cinye ta, iyalinsa suka ci hatsin 'yan'uwa har kaka ta zagayo, shi kuma ya tashi da sanda, da ita yake tafiya har yau. To, ka je ka nemi man da aka yi dominta, kada ido ya ruɗe ka. Hausawa sun riga sun faɗa: kama da wane ba wane ba ce.