Fuskar Yesu a Zanen Xaver

"Kar ki motsa, Walburga. Ɗan ɗago kansa."

Walburga, matar Xaver mai zane, ta gyara kan ɗansu Korbinian a cinyarta. Shekara da shekaru wani coci a Landshut ke jiran zanen nan: Maryamu rungume da Yesu bayan an sauko da shi daga gicciye. Fuskar Yesun ce ta gagari Xaver. Yanzu kuwa burushinsa gudu yake yi.

Fada, limamin cocinsu, ya turo ƙofa a hankali.

"Xaver, ɗan'uwana, ya isa haka. Masu ɗaukar akwatin gawa suna waje."

Xaver bai juyo ba.

"Su ɗan jira, Fada," ya ce. "Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa tsaya mini wuri ɗaya na zana shi ba sai yau."