Kitsen Gero

"Kitse ya yi yawa a jininka, Baba," in ji likitar. "Zuciyarka ta fara gajiya."

"Rabona da maiƙo har na manta, 'yata. Daga tuwo sai fura."

Ta tambayi sana'arsa. Ya ce turkar raguna yake yi a Zango.

"Man gyaɗa kake ba su?"

"A'a. Gero ne da dusa, sai a hana su yawo. Jikinsu ke mayar da shi kitse."

Likitar ta dube shi daga sama har ƙasa.

A gida, matarsa ta ajiye masa tuwo malmala uku a inuwar da yake wuni zaune. Ragon da ke turke ya ɗago kai ya dube shi, suka daɗe suna kallon juna.