Zaren Buhu a Ƙafar Zinariya

Duk Runka babu wanda ya kai Armaya'u iya ɗinkin buhu. In ya ɗinke bakin buhun masara, ko daga kan a-kori-kura ya faɗo ƙwaya ɗaya ba ta zuba. Matsalarsa guda ce: abin da ya gani sau ɗaya, a wurinsa ya gama iya shi.

Bara an yi masa ɗinki a hannu a asibiti. Ya ƙura wa zaren ido, shuɗi mai santsi, ya dawo majalisa yana cika baki: "Wallahi zaren nailan ne irin namu. Farar riga kawai likitocin suka fi mu."

Wata Laraba da hantsi matarsa Zinariya tana faskare, gatari ya kuɓuce ya tsaga mata ƙwauri. Jini ya yi ta zuba.

"Malam, nemo babur mu tafi asibitin Safana," ta ce, tana danne wurin da gefen zane.

"A hanyar nan? Shekaranjiya aka tare mutane. Kwantar da hankalinki, wannan ai aikina ne."

Tsoron hanya gaskiya ne, amma a ranar motoci sun wuce lafiya. Armaya'u ya warware zaren buhun taki, ya goge allura a jikin rigarsa, ya ɗinke ciwon da ƙasarsa da komai. Zinariya ta ciji zane har ya gama. Ɗinkin ya fito tsaf, maƙwabta har suna yabawa.

Kwana huɗu ƙafa ta kumbura, zazzaɓi ya rufe ta. Kwana tara ba a iya zama a ɗakin saboda wari. Sai a lokacin aka kai ta Safana, daga can aka tura su Katsina.

Likita ya zaro zaren, ya ɗaga shi a gaban Armaya'u.

"Malam, namu sili ɗaya ne, an kashe masa ƙwayoyin cuta, an rufe shi a takardarsa. Sai mun wanke ciwo tas muke ɗinkewa, kuma da yake ba ya narkewa, mukan sa ranar cire shi. Naka tufkakke ne, datti ya cika tsakaninsa. Cuta ka kulle mata a ciki, ta kai ƙashi."

Washegari aka yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa.

Ranar da suka dawo gida Armaya'u ya durƙusa gabanta yana kuka, ya kasa haɗa ido da ita. Zinariya ta jingine sandarta a bango, ta dube shi.

"Ɗinkin ya yi kyau, Malam," ta ce. "Ƙafar ce babu."

Jama'a, kamannin zare ba shi ne aikinsa ba, kuma jikin mutum ba buhu ba ne. In an ji ciwo mai zurfi, a danne shi da tsumma mai tsabta, a nemi ma'aikacin lafiya mafi kusa tun a ranar.